Shamila ta Kawo Mana Littattafai, Ina Sunayen Masu Su?

 

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, malaman ajin manya na madarasarmu sun ba ɗalibai aikin rubutu. Kowa ya ɗauki mas'ala ɗaya daga babin tsarki ko na salla a cikin Risala, ya kawo abin da malamai suka ce a kanta, sannan ya faɗi inda ya samo. Da takardun suka dawo muka zauna dubawa bayan la'asar, mun ga abin farin ciki: yaran sun kawo maganganu daga littattafan da mu, a shekarunsu, sunansu kaɗai muke ji a bakin malamai. Sai dai a gurbin da ya kamata a ga sunan littafi da mujalladi da shafi, da yawansu kalma ɗaya suka rubuta, wato Shamila. Wani yaro mai ƙoƙari kuwa, wanda ba za mu kama sunansa ba, ya kawo magana mai tsawo ya ce Ibn Abi Zaid ne ya faɗe ta. Maganar ba ta yi mana kama da harshen Risala ba. Da muka sauko da littafin daga kanta, sai ga shi ashe ta Shehu Aliyu al-Adawi ce, a hashiyarsa a kan Kifayatuɗ Ɗalibir Rabbani, sharhin Risala. Ibn Abi Zaid ya rasu a 386 bayan Hijira, al-Adawi a 1189. Shekara 803 ke nan yaron ya tsallake da yatsa ɗaya, bai kuma san ya yi ba.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan manhajar nan ita kanta, al-Maktabatush Shamila, da yadda muke mu'amala da ita, da abin da ta koya mana game da haƙƙin mai littafi.

Mu fara da ba ta haƙƙinta, don ita ma tana da shi. Shamila ta fito a 2005, kyauta, kuma har gobe kyauta ce. Dubban littattafan Larabci ne a cikinta, na tafsiri da hadisi da fiƙihun mazhabobi huɗu da lugga da tarihi, an buga su harafi bayan harafi yadda za a iya neman kalma a cikinsu. Wanda bai ga jiya ba ba zai san girman wannan ni'ima ba. Dattawanmu suna nan da rai, ku tambaye su. A da, ɗalibi yakan jira mai zuwa Kano ko alhajin da zai dawo daga Makka don ya samu mujalladi ɗaya. Wani yakan ari littafi na kwana bakwai, ya kwana yana kwafa da alƙalamin kara a gaban fitilar ƙwai. Yau yaro a ƙauyen da ko wutar lantarki babu, in dai ya samu inda zai caja waya, Mudawwana tana aljihunsa. Duk wanda ya sa hannu a wannan aiki muna roƙa masa Allah ya saka masa da alheri, kuma mu da muke wannan rubutu muna buɗe ta kusan kullum. Kada wani ya ce malamai sun haramta Shamila. Ba mu faɗa ba.

Masu ita ma sun yi iyakar ƙoƙarinsu na riƙon amana. Kowane littafi yana da kati, wanda suke kira biɗaƙatul kitab, a cikinsa akwai sunan mawallafi da shekarar rasuwarsa, da wanda ya yi tahƙiƙi, da gidan ɗab'i, da bugu na nawa ne. Sukan kuma bayyana ko lambobin shafukan sun dace da na littafin da aka buga a takarda, ko kuwa na'ura ce ta jera su da kanta. To ina matsalar take?

Matsalar tana cikin siffar abin. A kanta, kowane littafi da fuskarsa. Kana ɗaga shi ka san nauyinsa, ka ga bangonsa, ka ga sunan wanda ya wahala a kansa kafin ka kai ga shafin farko. Tsofaffin bugun Misira na hashiyoyi, masu jar takarda ɗin nan, su kansu darasi ne: matani a cikin baka, sharhi a gefe, hashiya a tsakiya, idonka ne ke gaya maka wane ne yake magana kafin ma ka karanta. A Shamila kuwa duk littattafan duniya fuska ɗaya gare su. Rubutu iri ɗaya, launi ɗaya, faɗin allon waya ɗaya. Katin nan mai sunaye yana can ɓoye, sai wanda ya nufe shi zai buɗe, alhali akwatin nema yana nan a gabanka yana kira. Ka rubuta kalma, ta jefa ka tsakiyar shafi na ɗari uku da wani abu na littafin da ba ka taɓa ganin farkonsa ba. Tsakanin sharhi da hashiya wani siririn layi ne ko kalma a cikin baka, wanda yakan salwanta da zarar ka kwafa ka liƙa a WhatsApp. Abin da ya faru da yaronmu ke nan. Manhajar ba ta yi masa ƙarya ba, amma ta sa faɗin gaskiya ya fi wahala a kan kuskure, kuma wannan aibi ne da ya kamata a faɗa.

Ga kuma wata. Abin da ake zuba wa ɗalibanmu a katin memori a kasuwa, ko suke tura wa juna ta Xender, sau da yawa gauraye ne. Akwai littattafan da masu manhajar suka duba suka amince da su, akwai kuma waɗanda kowa da kowa ya buga ya cusa. A cikin na biyun za ka tarar da layi ya faɗi, ko ɗigo ya ƙaura daga wannan harafi zuwa wancan. Larabci kuwa kun san shi, ɗigo ɗaya yana mai da halal wani abu dabam. Magabata sun san wannan ciwo tun kafin na'ura, suna kiransa tas'hifi, har Abu Ahmad al-Askari ya yi littafi sukutum a kan irin wanda ya auku ga masu hadisi. Shi ya sa suke gargaɗi a kan ɗaukar ilimi daga wanda takarda kaɗai ce malaminsa.

Ɗalibanmu da suka karanta musɗalahul hadisi za su tuna hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi, waɗanda Alƙali Iyad, malaminmu na Malikiyya, ya jera a littafinsa al-Ilma'u. Ta sama ita ce ka ji daga bakin malami. Ta can ƙarshe ita ce wijada, wato ka tsinci rubutu ba tare da mai shi ya karantar da kai ko ya yi maka izini ba. Ko a wannan ta ƙarshen, ladabin da suka gindaya shi ne ka faɗi cewa tsinta ka yi, ka kuma faɗi rubutun hannun wane ne. Akwatin neman Shamila, iyakarsa ke nan, wijada. In ɗalibi ya rubuta "Shamila" a matsayin madogara, ko sharaɗin tsintuwa bai cika ba. Kamar a tambaye ka wa ya ba ka wannan labari ne ka ce kasuwa.

Wannan ya kawo mu ga maganar haƙƙi. Mun lura in ana gardama a kanta a zaure, ana cakuɗa abu biyu, shi ya sa ba a gamawa. Akwai haƙƙin suna, wato a danganta magana ga mai ita kuma kada a canza ta. Akwai haƙƙin dukiya, wato wa yake da ikon buga littafi ya sayar ko ya raba.

Na farkon babu saɓani a kansa, kuma ba Turawa suka kawo mana shi ba. Isnadi gaba ɗayansa a kan wannan aka gina shi. Imam as-Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, wanda kuma ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya rubuta risala mai zafi, al-Fariƙu bainal Musannifi was Sariƙ, a kan wani da ya kwashe masa aiki bai ambace shi ba. Sunan risalar kaɗai ya ishe ku: ɓarawo ya kira shi. Wanda ya taɓa shiga sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, inda aka adana dubban takardu da marigayi Bubu Hama ya fara tattarawa, ko ma wanda ya buɗe gafakar kakansa, zai ga yadda magabatanmu ke rufe littafi. Mai kwafa yakan rubuta sunan mawallafi, ya rubuta nasa, wani lokaci har da na wanda aka kwafa dominsa, ya roƙi mai karatu addu'a. Ba su da kotu, ba su da ofishi, amma ba sa sakin suna. Mu da na'ura ta sauƙaƙa wa komai, mu ne muke yar da shi.

Wanda ya fi kowa shan wannan zalunci a zamaninmu shi ne muhaƙƙiƙi. Da yawan ɗalibai sun ɗauka littafin magabata haka yake faɗowa daga sama a shirye, da babi-babi da lambobi. Ina! Ku ɗauki an-Nawadiru waz Ziyadat na shi Ibn Abi Zaid ɗin. Ƙarnuka ya yi a warwatse a ɗakunan ajiya, sai a 1999 gidan ɗab'i na Darul Garbil Islami ya fitar da shi cikin mujalladi 15, bayan malamai irin su Abdulfattah al-Hulw da Muhammad Hajji da abokan aikinsu sun bi kwafe-kwafen hannu suna gwada wannan da wancan, suna karanta abin da asu ya ci da abin da ruwa ya ɓata. Ko Musnadin Imam Ahmad: Shehu Ahmad Shakir ya rasu a 1958 bai kammala shi ba, sai daga baya Shehu Shu'aibu al-Arna'uɗ da jama'arsa suka fitar da nasu cikin mujalladi 50, aka gama a 2001. Idan ka ga an rubuta a ƙasan hadisi cewa isnadinsa ingantacce ne ko mai rauni, hukuncin wani mutum ne mai suna, wanda idonsa ya dushe a kan aikin, kuma wanda wani malamin zai iya saɓa masa. In ka kwaso hukuncin ka bar sunan, ka cuce shi, ka kuma cuci mai saurarenka, don ka mai da ijtihadin mutum ɗaya kamar saukakken abu.

To, sai haƙƙin dukiya, inda hayaniyar take. Mun sha jin ɗalibai suna cewa ilimin addini na Allah ne, ba a sayar da shi, wanda ya hana a kwafi littafinsa ya ɓoye ilimi. Ba za mu yi wa wannan magana dariya ba, don tana da tushe, kuma a gidanmu tushen yake. An ruwaito daga Imam Malik a Mudawwana cewa ya karhanta sayar da littattafan fiƙihu, kuma Shehu Halil ya kawo wannan karhanci a babin ijara na Muhtasar, tare da karɓar lada a kan koyar da fiƙihu. A ƙarnin da ya wuce ma, babban muftin Pakistan, Muhammad Shafi'u, wanda ya rasu a 1976, bai yarda da haƙƙin ɗab'i ba. Hujjarsa ita ce wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya ga dama da mallakarsa, kuma ragin riba da mawallafi zai gani bai kai a kira shi cuta ba.

Amma wanda ya tsaya a nan bai karanta babin ya kai ƙarshe ba, irin karatun akwatin nema ke nan. Malaman mazhaba sun kawo daga Muhammad bin Abdulhakam cewa da Ibn Wahb, almajirin Malik, ya rasu a 197, an sayar da littattafansa dinari 300, manyan almajirai suna raye suna gani, babu wanda ya yi inkari. Al-Lakhmi kuma, tun a ƙarni na biyar, ya ga cewa a zamaninsa bai kamata a yi saɓani a kan halaccin ba, saboda hadda ta yi rauni, in babu littattafai ilimin zai tafi. In haka ne a zamaninsa, ina ga namu? Sannan Malikiyya, kamar Shafi'iyya da Hanbaliyya, suna ƙirga amfani a cikin dukiya, ba sai abin da hannu zai taɓa ba. A kan wannan da kuma al'adar mutane Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gina hukuncinta a zamanta na biyar a Kuwait, a Disamban 1988, ƙuduri mai lamba 43: haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, shari'a tana kare su, bai halatta a keta su ba. Abin lura, ɗan shi Mufti Shafi'u, wato Shehu Taƙi Usmani, yana cikin waɗanda suka karkata ga tabbatar da wannan haƙƙi.

Hadisin da ake yawan jawowa, wanda ya yi alkawarin linzamin wuta ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, muna ganin an aza shi inda ba wurinsa ba. Mutumin da ya shekara goma yana rubutu, ya ciwo bashi ya buga, ya kai kasuwa ya ajiye a gaban kowa, ta ina ya ɓoye? Ai shi ne ya fito da shi fili. Neman kuɗin takarda da tawada da guminsa abu ne dabam da rufe baki a gaban mai tambaya. Risalar da muke karantawa ta halatta wa malamin Alƙur'ani ya karɓi lada a kan koyarwa, kuma babu wanda ya ce ya sayar da Alƙur'ani.

Duk da haka, mu ma muna da ƙorafi a kan ɗaya ɓangaren, kuma ba za mu haɗiye shi ba. Ƙudurin Kuwait gajere ne ƙwarai. Ya tabbatar da haƙƙi, amma bai ce komai ba game da ɗalibin da ke Tasawa ko Gure wanda littafin ba ya zuwa garinsu sam, in ma ya zo kuɗinsa ya fi abin da gidansu ke ci a wata. Sannan a cikin gidajen ɗab'in kansu akwai ɓarayi. Wani gidan zai ɗauki tahƙiƙin da wani ya yi, ya sake jera haruffa, ya goge suna, ya liƙa na wani wanda ko kwafin hannu ɗaya bai taɓa gani ba, sannan ya buga a shafin farko cewa duk haƙƙi nasa ne. Wannan ba shi da bakin yi wa ɗalibi wa'azi. Kuma a sani, matanin Muwaɗɗa ko Risala ko Ashmawi ba mallakar kowane gidan ɗab'i ba ne. Ko a dokar duniya, yarjejeniyar Bern ta 1886 da aka yi ta gyarawa, mafi ƙarancin wa'adin da ta gindaya shi ne rayuwar mawallafi da shekara 50 bayan rasuwarsa, haƙƙin dukiya ba ya dawwama. Abin da ake karewa a sabon bugu shi ne aikin da aka ƙara a kai. Ƙasashenmu, Nijar da Kamaru da Cadi, suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai mazauni a Yawunde, kuma a nan gida akwai ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa. Amma mu faɗi gaskiya, ɗalibin madarasa ba tsoron ofishi ne zai hana shi tura fayil da tsakar dare ba.

Abin da muka natsu a kai, bayan mun tattauna da malamanmu, shi ne a dubi hali. Littafin da mai shi ya rubuta a bangonsa cewa kowane Musulmi na iya bugawa muddin bai canza komai ba, wannan waƙafi ne, a yaɗa shi, akwai lada. Tsohon bugun da masu shi suka shuɗe, shi ma babu damuwa. Sabon aiki da ba ya samuwa a inda kake, ko ya fi ƙarfinka, ka karanta shi a waya don kanka, muna fatan akwai sauƙi a cikinsa saboda buƙata, tare da niyyar in Allah ya hore ka saya, kuma malamai da dama na wannan zamani sun bambanta tsakanin amfanin kai da kasuwanci. Wanda kuwa ya mai da zuba littattafan mutane a kati sana'a, yana karɓar kuɗi a kan gumin da ba nasa ba, ya daina fakewa da cewa ilimi ba a sayar da shi. Ai shi yana sayarwa.

Amma wallahi inda abin ya fi yi mana ciwo ba Bairut ba ne, ba Alƙahira ba. Nan ne cikin garinmu. Shamila ta saba mana da cewa littafi abu ne da ake samu kyauta, sai muka ɗauki wannan sabo muka juyo da shi kan maƙwabci. Akwai wani malami a nan, da yawanku kun san shi, ba zai so mu ambace shi ba. Ya rubuta ɗan littafi da Hausa a kan rabon gado, da misalai irin namu, na gona da shanu da gidan da ƴaƴa goma suka gada. Da kuɗin aljihunsa ya buga, har sai da ya sayar da ragunan da yake kiwo. Ba a yi sati biyu ba wani mai son alheri ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa, ya watsa a zaurukan WhatsApp, ya rubuta a ƙasa cewa a tura don samun lada. Kowa ya tura, kowa ya yi masa addu'a. Kwalayen littafin suna nan jibge a ɗakin malamin har yau, ƙura ta rufe su. Kashi na biyu, wanda zai yi bayanin wasiyya da bashin mamaci, yana nan a rubuce cikin littafin makaranta, bai samu abin bugawa ba. Da muka je gaishe shi bai yi ƙorafi ba, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya sa ya amfane su." Daga baya ma fayil ɗin ya dawo mana ta wata hanya, an cire shafin farko, babu sunansa ko kaɗan. Wanda zai karanta shi a Garwa ko Kumasi, in ya ga lissafin da bai gane ba, wa zai tambaya? In kuma akwai kuskuren ɗab'i a cikin rabon, wanda malamin ya gano ya gyara da biro a kwafen da ke hannunsa, wa zai bi fayil ɗin ya gyara? Maganar gado ce fa, haƙƙin marayu.

Shi wanda ya ɗauki hoton, mun tabbata alheri ya nufa. Abin da ya rage masa kiran waya ɗaya ne: Malam, ka yarda in yaɗa? Wataƙila da malamin ya ce a dakata wata shida ya mai da kuɗinsa, wataƙila da ya ce a yaɗa yanzu amma ga gyara. Mun iya neman izini kafin mu shiga zauren mutum, ko mu ɗebi ruwa a randarsa. A kan littafinsa ne kaɗai muka manta.

Haka nan dattijon da ke shimfiɗa littattafai a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ku duba tabarmarsa yanzu, turare da carbi da hula sun fi littafi yawa. Ranar da ya naɗe ta gaba ɗaya, malamin garinmu ba shi da sauran inda zai kai abin da ya rubuta.

Kada kuma mu sakankance cewa abin da ke intanet yana nan har abada. Yawancin hotunan littattafan Larabci da muke saukewa suna ajiye ne a rumbun Internet Archive da ke Amurka. A 2020 manyan gidajen ɗab'i huɗu suka kai shi ƙara a kan yadda yake ba da aron littattafai, kotu ta ba su gaskiya a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024, aka janye littattafai sama da 500,000 daga aro. Shari'ar ba a kan littattafanmu aka yi ta ba, amma ta nuna rumbun na wasu ne, dokar wata ƙasa ce ke iko da ƙofarsa. Yanzu kuma ga manhajojin nan masu amsa tambaya kamar ChatGPT, waɗanda jaridar New York Times ta kai masu su ƙara a Disamban 2023 a kan amfani da rubuce-rubucenta ba izini. Su sun wuce Shamila nesa a wannan aibi. Ita ko ba komai tana da kati, in ka nema za ka ga suna. Su kuwa sukan narkar da maganar malamai dubu su miƙo maka da murya ɗaya, wani lokaci har su ƙaga sunan littafi da lambar shafi. Ɗalibin da bai saba tambayar "wa ya faɗa, a ina?" tun a Shamila ba, ba shi da garkuwa a gabansu. Wannan sai mun ware masa rubutu na musamman in Allah ya kai mu.

A madarasarmu dai mun tsai da shawara, muna kuma roƙon sauran makarantun da ke ƙarƙashin ƙungiya su duba ko za ta yi musu. Daga zango mai zuwa ba za a karɓi aikin da aka rubuta "Shamila" ko "intanet" a matsayin madogara ba. Ɗalibi ya buɗe katin, ya rubuta sunan littafi da mawallafi da muhaƙƙiƙi da gidan ɗab'i da mujalladi da shafi, in lambobin na na'ura ne ya faɗi haka, ya ambaci babi. In hadisi ne ya faɗi lambar wane bugu ya bi, tunda lambobin Buhari na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, masu kaiwa 7563, ba su ne na kowane bugu ba. In littafin yana ɗakin karatunmu, sai ya taɓa shi da hannunsa kafin ya miƙa aiki. Masu kula da zaurukan WhatsApp na masallaci kuma an roƙe su kada su bar littafin malami mai rai ya wuce sai an ji daga bakinsa. Kwamitin kuɗi ya amince a ware wani abu daga asusun Juma'a a sayi kwafi 40 na littafin gadon nan a raba wa ajin manya, kuma duk mai son sa hannu a buga kashi na biyu ya ga ma'ajin ƙungiya bayan sallar isha'i.

Shi kuwa yaronmu, mun ba shi mujalladin al-Adawi ya tafi da shi gida kwana uku. Ya dawo da aikin a gyare, ya ja layi uku da launi uku, ɗaya na Ibn Abi Zaid, ɗaya na Abul Hasan mai Kifaya, ɗaya na al-Adawi. A ƙasan takardar ya ƙara wata tambaya da ba mu sa shi ba: shi wanda ya zauna ya buga littafin nan gaba ɗaya a kwamfuta har ya shiga Shamila, ina za a samu sunansa? Mun buɗe katin tare da shi, mun duba sama da ƙasa, babu.